Zanen da Ilham Ta Ɓoye

Ilham na rakuɓe a ƙofar ɗakin Inna, hijabi har ƙasa cikin wannan uban zafi, ta ƙanƙame hannunta na hagu. Saura kwana tara bikinta da Mudassiru, amma ko koko ta kasa haɗiya.

Wauta ce tsagwaronta ta jawo mata! A waya ta ga bidiyon yadda ake zanen jiki a gida, wai kwana biyar ya goge. Ta haɗa lalle da baƙin rinin gashi, kuma don kada Inna ta gani a kwanonta, sai ta kwaɓa a tsohuwar robar maganin feshin tumatir da Baba ya yar a bayan ɗaki. Ɗauraya ɗaya ta yi mata, ɗaya tak! Ta zana sunan Mudassiru ɓaro-ɓaro a hannunta. Kwana biyu wurin ya kumbura, ya ɗuri ruwa, yana zugi kamar an ɗora garwashi.

Sai ga Gwaggo Tambaya, yayar mahaifin Mudassiru, ta faɗo gidan, ko tabarma ba ta kalla ba.

"Hajara, ba zama na zo yi ba," ta ce da Inna. "Matan da ke wanki a bakin kanal ɗin ban-ruwa sun ga ruwa na bin hannun 'yarki. Duk Bunkure an ɗauka mugun ciwon fatar nan ne. Mu dai ba za a kai mana shi gida ba!"

"Innalillahi! Yaya Tambaya, 'yar tawa?" Inna ta juyo. "Ke Ilham, ɗage hijabin nan!"

Ilham ta auna abin a ranta. In ta ɓoye, aure ya tashi. In ta nuna kuwa – sunan namiji a jikin budurwa, gaban surukai! Da wane ido Baba zai shiga masallaci? Ta runtse ido, ta yaye hijabin.

Gwaggo ta ja baya. "Wannan wane irin ciwo ne mai layi-layi kamar kunyar albasa?"

"Ba ciwo ba ne, Gwaggo... sunansa na rubuta." Ta fashe da kuka, ta zayyane komai, har robar feshin.

"Robar guba? Ke wace irin sakarya ce!" Inna ta ɗora hannu a ka.

"Marar kunya dai!" in ji Gwaggo. "An fasa!"

Da yamma Mudassiru ya taso daga gonar shinkafa, taɓo har gwiwa, ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Gwaggo, wauta ta yi, na yarda. Amma an tambaye ta ta faɗi gaskiya, alhali ta san abin da zai biyo baya. Ni irin wannan matar nake nema."

Gwaggo ta yi tsaki, ta ce sai dai a ɗaga bikin, ta ga warkewa da idonta. Da aka kai Ilham asibitin Kura, likita ya ce da a ce ta ƙara kwana biyu, da gubar ta shiga jini.

Wata uku ta yi tana shan magani da baƙar maganar gari, ba ta tanka wa kowa ba. Bayan yankan shinkafa aka ɗaura auren, Gwaggon da kanta ta riƙo hannunta zuwa ɗaki.

'Yan mata, ba duk abin da waya ta nuna ake gwadawa a jiki ba. In kuwa an riga an tafka, a faɗi gaskiya da wuri, a yi haƙuri da abin da ya biyo baya.