Yaɗon da Ke Jikin Gwaibar Matata

Da yamma na tashi yin aikin, don mai shagon maganin ciyawa ya ce in bari sai rana ta yi sanyi, iska ta kwanta.

Bishiyar gwaiba ce a bayan ɗakinmu. Matata ce ta dasa ta shekarar da muka tare a gidan. A lokacin shekara uku ke nan da rasuwarta, yara sun watse da nasu iyalan, ya rage daga ni sai bishiyar. Akwai wani tsiro mai yaɗo da ya fito a gindinta tun matata tana da rai. Sau nawa na ɗauko adda, ita kuma ta tare ni tana dariya, ta ce, "Malam, bar shi mana. Abincinka yake ci?" In ta zuba wa gwaibar ruwa, sai ta watsa wa yaɗon ragowar. Ni kuwa mutum ne mai gajen haƙuri, ba na son ganin abu a inda ban ajiye shi ba.

Bayan rasuwarta yaɗon ya samu sake. Ya nannaɗe bishiyar har sama, na daina ganin ganyenta. Duk da haka, in lokacinta ya yi nakan tsinci gwaiba biyu ko uku a gindinta da safe. Sai in zauna in ci, in yi kukana ba mai gani. Tsorona ɗaya ne, kada wannan banzan tsiro ya shaƙe mini ita.

"Baba, kada ka yi feshi," in ji mai shagon ranar da na je sayen maganin. "Iska za ta kai wa gwaibar. Ka sare yaɗon kusa da ƙasa, ka shafa maganin da burushi a kan kututturen nan take, kafin wurin ya bushe. Shi zai bi saiwa ya kashe ta. Na saman kuma kada ka ja shi, za ka karya rassa. Bar shi ya bushe da kansa."

Na sa safar hannu, na zuba maganin a gwangwani. Warinsa mai kaifi ne, har ya sa ni tari. Na durƙusa na yaye ganye. Jijiyoyi uku na gani, biyu sirara kamar yatsa, ɗaya kaurin damtsena.

Na sare ta farko, na shafa. Na sare ta biyu, na shafa.

A nan na lura gyare sun yi shiru. Kajin maƙwabta da ke hayaniyar shiga akurki su ma sun yi tsit. Ba iska, amma ganyen da ke saman kaina yana motsi.

Warin maganin ya ɓace. Wani ƙamshi ya taso, na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na lokacin da matata take ba bishiyar ruwa. Ƙasar kuwa a bushe take.

Na ɗaga addar kan babbar jijiyar.

"Malam."

A hankali aka faɗa, daga cikin ganye. Muryar tsohuwa ce, ba ta matata ba.

Na so in miƙe. Wani abu mai sanyi ya riga ya zagaye idon sawuna, ya ɗaure.

"Me ka shafa musu?"

Na ce, "Magani ne."

"Jikokina ne. Suna ƙonewa."

Sai na ji shi. Wani ɗan siririn kuka daga ƙarƙashin ƙasa, murya biyu, kamar na jarirai da suka gaji da kuka.

Ganyen ya buɗe kaɗan. Ban ga fuska sosai ba. Idanu na gani, farare, a jiƙe, da wani dogon hannu da ya rungume bishiyar, ba a gane inda hannun ya ƙare, inda yaɗon ya fara.

Na yi ta neman addu'a a bakina, harshena ya ƙi juyawa. Da ƙyar na ce, "Bishiyar matata nake son ceta."

"Taɓa ta."

Ban motsa ba. Wata igiyar ganye ta sauko ta kama wuyan hannuna na dama, ta kai shi jikin gwaibar. Ɓawon ya ruguje a tafina. Yatsuna suka shige ciki. Ba komai sai gari da iska.

"Kwana arba'in ta yi bayan mai ita, ta bushe," in ji muryar. "Ni ke riƙe da ita a tsaye."

"To, 'ya'yan da nake tsinta?"

"Daga nesa nake kawo maka. Matarka ta shayar da mu shekara ashirin ba ta taɓa tambayar ko su wa muke ba. Daren da za a kai ta asibiti ta zo nan, ta ce a duba mata kai."

Kukan ƙasa ya ragu. Murya ɗaya ta rage.

Igiyar ta bar hannuna ta hau wuyana. Ta matse. Na ji jini yana bugawa a kunnuwana. Gwangwanin ya kife, idanuna suka fara rufewa.

Sai murya ta biyun ma ta yi shiru.

Na sallama. Wallahi a lokacin ban ga laifinta ba.

Matsin ya saki.

"Ruwanta ne ya cece ka," in ji tsohuwar. "Tashi ka tafi."

Da rarrafe na kai ƙofar ɗaki. Ban waiwaya ba, amma ina jin ganye yana zuba a bayana kamar ana yayyafi.

Da gari ya waye yaɗon duk ya bushe, har babbar jijiyar da ban taɓa ba. Kwana uku bayan haka gwaibar ta faɗi da tsakar rana, ba iska ba hadari. Ko ƙara mai yawa ba ta yi ba. Babban ɗana ya zo ya ga shatin da ke wuyana, na ce masa igiyar shanya ce. Ya ce in koma gidansa, na ƙi.

Lokacin gwaiba ya zagayo sau biyu tun daga nan. Nakan fita da safe in duba, ko da yake na san ba abin da zan tarar.

Kullum da yamma ina cika butar matata in kai wurin. In yi sallama, in ba da haƙuri, in zuba. Ko'ina a gidan nan ƙasa tana shan ruwa, ban da nan. Sai ya kwanta a sama, ya yi ta kallona, har ya gangara ya bi rariya.