Littafin Cocin Carrowby

"Ƙarya kike yi! Da hannunki kika rubuta shi!"

Philippa ce ta faɗa, tana nuna ni da cokalin shayi. Na juya na dubi Lucian, ina jira ya buɗe baki...

Ya sunkuyar da kai.

Wata takwas ke nan da aka ɗauke ni aikin rubuta tarihin gidan Averill, masu riƙe da sarautar Duke na Carrowby shekara ɗari uku. A ɗakin tsoffin takardu muka shaƙu da Lucian, Duke na goma, har ya sa mini zobe. Ni kuwa 'yar mai soya kifi ce daga Whitby. Kakarsa Octavia ba ta yafe mini wannan ba, don ta riga ta tanadar masa Philippa, jikar aminiyarta.

Layi biyu na gano a littafin cocin ƙauyen. An haifi kakan kakan Lucian wata huɗu kafin auren iyayensa, irin wannan ɗan kuwa ba ya gadon sarauta. Ƙaninsa ya kamata ya gada, kuma jininsa na nan, wani Wilfred mai kiwon tumaki a bayan tsauni.

Octavia ta buga sandarta a ƙasa.

"Yarinya, da ƙarnin kifi kika shigo gidan nan muka kau da kai. Yanzu rushe shi za ki yi?"

"Ranki ya daɗe, ba ni na haifi yaron ba. Karantawa kawai na yi."

"Kun ji fitsara ko!"

Sai a lokacin Lucian ya ɗago kai.

"Tamsin... kin tabbata babu wanda ya taɓa littafin nan?"

Na miƙe tsaye.

"Ni kake tambaya? Ni da na kwana uku ina kuka kafin in iya nuna maka?"

"Masoyiyata, saurara..."

"Kar ka sake kira na haka!"

Na zare zoben na jefa a kwanon sukari, na fice. Ina jin dariyar Philippa har bakin ƙofa.

Mako shida ina shagon Baba ina juya kifi a mai. Wasiƙa bakwai Lucian ya aiko, na mayar da su ko buɗewa ban yi ba.

Ran wata Asabar da tsakar rana, layi har waje, na ɗaga kai in tambayi na gaba abin da yake so.

Shi ne. Ya rame, rigarsa ta jiƙe da ruwan sama.

"Kifi nawa?" na ce.

"Tamsin, don Allah..."

"In ba saye za ka yi ba, matsa!"

"Na kai littafin cocin gaban majalisa da kaina. An karɓi sarautar, an ba Wilfred."

Matsamin ya kusa suɓuce mini.

"Oho! Sai da masana suka duba suka ce gaskiya ne ka yarda da ni?"

"Washegarin tafiyarki na kai shi, kafin kowa ya duba. Tsoro ne ya sa na yi miki tambayar nan, zuciyata. Tun ina shekara biyar ake tsayar da ni gaban hotunan mutum tara ana cewa ni ne na goma. Ban san ko wane ne ni ba in babu su."

"Philippa fa?"

"Ranar da ta ji ta hau jirgin Landan. Kaka kuma ta daina yi mini magana."

"Ka wulaƙanta ni a gabansu, Lucian!"

"Na sani. Shi ya sa na zo in ba ki haƙuri a gaban naki mutanen."

Ya durƙusa a kan daɓen da mai ya ɓata. Wata tsohuwa a layi ta ce, "'Yar nan, ki yafe masa mana, yunwa muke ji!"

Na so in ci gaba da fushi, hawaye suka ƙi ba ni dama.

Baba ya leƙo daga baya ya miƙa masa wuƙa.

"Ɗan samari, tashi. Mai son 'yata fere dankali yake fara koya."

A watan Yuni aka ɗaura mana aure a Whitby. Octavia ba ta zo ba. Sabon Duke ya iso a makare da takalmin gona, don tunkiyarsa ta haihu da safe. Ya kama hannun Lucian ya ce, "Ɗan'uwa, ɗaki casa'in kuka bar mini, ni da matata da kare ɗaya. Ku zo ku zauna a rabi, ko in zuba tumaki a ciki!"