Tsinken Ashana Shida

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ta iya lissafi sosai. 'Yan ajinsu suna kiranta Uwar Lissafi. Tana jin daɗin sunan nan ƙwarai.

Ranar Alhamis malamarsu ta shigo aji da kwalin ashana a hannu. Ta raba wa kowa tsinke shida. Sannan ta zana siffa mai gefe uku a allo.

"Me sunan wannan?" ta tambaya.

"Alwatika," yara suka amsa.

"Madalla. Ina so ku yi mini alwatika huɗu da tsinken nan shida, duk girmansu ɗaya. Ban da karya tsinke, ban da ɗora wani a kan wani. Gobe zan ga wanda ya iya."

Da aka tashi, ƙawarta da suke zama benci ɗaya ta riƙo hannunta.

"Ni kam kaina ya ɗaure. Ke kin gane?"

Yarinyar ba ta ko gwada ba. Amma ta ɗaga kai ta ce, "Tun a aji na gano. Abu ne mai sauƙi."

"To nuna mini mana."

"Sai gobe," in ji ta.

Da ta isa gida, ta zauna a ƙasa a ɗakin Umma. Ta jera tsinke uku, alwatika ɗaya ta fito. Ta ƙara biyu a gefe, suka zama biyu. Saura tsinke ɗaya a hannunta. Ta juya shi nan, ta juya shi can, ya ƙi yin komai. Ta wargaza, ta sake. Har yanzu biyu ne.

Babanta kafinta ne. Yana kiranta Mamana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Da ya dawo daga aiki, ya same ta ta haɗa gira.

"Mamana, yau da wa ake faɗa? Da ashana?"

"Aikin makaranta ne, Baba."

"In zo mu duba tare?"

"A'a, na iya," ta ce, ta rufe tsinken da tafin hannu.

Baba ya yi murmushi ya wuce.

Washegari Malama ta tambaya ko akwai wanda ya iya. Sai ƙawar nan ta ɗaga hannu.

"Malama, Uwar Lissafi ta gano tun jiya."

Malama ta kira yarinyar. Ta fito gaban aji. Yara suka kewaye teburin Malama suna leƙe. Ta jera tsinken. Alwatika biyu, da tsinke ɗaya a hannu. Ta ji idon kowa a kanta. A hankali ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta karya tsinken gida biyu.

Ƙarar ba ta da yawa, amma Malama ta ji.

"Buɗe hannunki, 'yata."

Ta buɗe. Wasu yara suka fara dariya. Malama ta dube su, suka daina. Hawaye ya zubo wa yarinyar.

"Ban iya ba, Malama. Ƙarya na yi wa ƙawata."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Rashin sani ba laifi ba ne. Don shi kuke zuwa makaranta. Laifin shi ne ki ce kin sani alhali ba ki sani ba. Ki ba ƙawarki haƙuri."

Ta ba ta haƙuri. Ƙawar ta gyaɗa kai, amma ranar ba ta jira ta sun tafi gida tare ba. Wannan ya fi dariyar yara yi mata ciwo.

Malama ta ƙara wa aji lokaci zuwa Litinin, ta ba yarinyar sabon tsinke a madadin wanda ta karya.

Ranar Asabar Umma ta aike ta ta kai wa Baba abinci shago. Ta zauna a kan wani guntun katako, ta gaya masa duk abin da ya faru. Baba ya ajiye zarto ya saurare ta har ta gama.

"Da na ce mu duba tare, me ya hana?"

"Kunya nake ji a ce ban iya ba."

"Mamana, shekara ashirin ina aikin nan. Har yau in abu ya shige mini duhu, maƙwabcina nake kira. Kuma ban ga hannuna ya ragu ba."

Ta yi dariya tana share ido. "To Baba, ka koya mini."

"Ba zan gaya miki amsa ba, amma zan taya ki nema. Taimaka mini da wannan tukuna."

Ya miƙa mata sandunan labule guda uku da ya shafa wa fenti. "Kada ki kwantar da su, za su kwashi ƙasa. Tsayar da su su bushe."

Ta tsayar da ɗaya, ya faɗi. Baba ya cafe shi. Sai ta haɗa kawunan ukun a sama, ta ware ƙafafunsu a ƙasa. Suka tsaya cak.

Ta ja da baya tana kallonsu. Tsakanin kowane sanda biyu akwai siffa mai tsini a sama.

"Baba, ashe ba dole ne su kwanta a ƙasa ba!"

Ta zaro tsinkenta daga aljihu. Ta yi alwatika ɗaya a kan benci da guda uku. Ta tsayar da sauran ukun, kowane a kusurwa ɗaya, ta haɗa kawunansu. Ta ƙirga. Ɗaya a ƙasa, uku a gefe.

"Huɗu," in ji Baba. Ya ɗiga mata gam a kowace mahaɗa.

Ba ta jira Litinin ba. Da yamma ta je gidan ƙawarta, ta nuna mata yadda ake yi. Suka haɗa wani tare, yatsunsu duk gam.

Ranar Litinin su biyu suka fito gaban aji. Malama ta ɗaga abin sama domin kowa ya gani.

"Ke kaɗai kika gano?" ta tambayi Uwar Lissafi.

"A'a, Malama. Babana ne ya taya ni. Sai da na ce masa ban iya ba."

Malama ta rungume ta, aji ya yi tafi.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa faɗin gaskiya ya fi burge mutane da ƙarya. Wanda ya ce "ban sani ba" shi ake koya wa.