Tulun Mai Tafiya Yamma

Zulaikha tana tankaɗe a tsakar gidansu na unguwar Ridina sa'ad da Mudassir, wanda aka yi musu baiko bara, ya yi sallama. Ya durƙusa gaban kakarta Hansai, mai yanke magana a gidan.

"Iya, an dace. Na gaji da yawo da dosiyen takarduna, daga allon sanarwar makarantarmu ta lise zuwa gidan intanet. Makarantar injiniya ta Khartum ta fi ƙarfin Baba. Amma wata makarantar a Wagadugu ta ga sakamakon jarrabawata ta bak, ta ba ni burs: karatu, ɗaki, abinci, duk kyauta, shekara uku."

Hansai ba ta ɗago ba. "Wagadugun nan, gabas take ko yamma?"

Rariya ta tsaya a hannun Zulaikha, don ta san yamma take.

Kakannin gidan maniyyata ne da suka taso daga Katsina a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari. Har yau jikokinsu na ɗaukar kansu matafiya da suka yada zango. A wurinsu, wanda ya nufi yamma ya juya wa Makka baya, kuma hanya ba ta mayar da shi. Tuluna uku ne a kife a zaure, kowanne na wani da ya tafi bai dawo ba. Na ƙarshen na Ilyasu ne, ɗan farin Hansai.

Washegari tsohuwar ta sa aka kawo sabon tulu daga ƙauyen Gawi, ta cika shi, ta rufe da faifai.

"Ba mai ƙara masa ko ludayi. In ka dawo ka tarar da sauran ruwa, Zulaikha taka ce. In ya bushe, a kife shi, kalas, magana ta ƙare."

"Iya, tulun Gawi fa tsattsafo yake yi. Ko bazara ɗaya ba zai kai ba."

"To, injiniya, sai ka yi sauri."

Ranar da ya tafi Zulaikha ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mahaifiyarta Mero ta ja ta ɗaki.

"Ke, ki riƙa ɗiga wa tulun ruwa kaɗan-kaɗan. Wa zai sani?"

"Inna, ni zan sani. Auren da aka shayar da ruwan sata, me zai tsiro?"

Bazara ta zo, ƙasa ta tsage. Zulaikha ta ɗaga faifan tana jiran ganin gindin tulu, sai ta ga fuskarta a ruwa, dab da baki. Ta dubi Mero. Mero ta rantse ba ita ba ce, kuma fuskarta ta nuna ita ma ta tsorata.

Daga nan zauren ya canza. Da tsakar rana, in zafi ya kwantar da kowa, Zulaikha takan ji ƙarar zubar ruwa a hankali. In ta leƙa, ba kowa: faifai na motsi, ga sawun ƙafa jiƙaƙƙe ya bi ta gaban kifaffun tulunan ya ɓace a rana. Maƙwabta suka fara cewa Ilyasu ne ke zuwa shan ruwa. Masu talla suka daina shigowa. Zulaikha takan yi addu'a ta wuce, ba ta taɓa kai hannu ba.

A daminar 2004 Mudassir ya dawo da digirinsa na aikin ruwa. Aka taru a zaure, Hansai ta ɗaga faifai. Tulu cike.

Zulaikha ta sunkuya za ta tayar da kakarta, sai hannunta ya taɓa wani abu mai sanyi a cikin zanen Hansai: ƙaramar butar alwala. Ta dubi ƙafafun tsohuwar, ƙanana, daidai da sawun nan.

"Iya..."

"Rufe bakinki, ja'ira. Na sa ido a kanki, ko ludayi ba ki ƙara ba." Ta juya ta daɗe tana kallon tulun Ilyasu. "Uku sun ishe ni. Ba zan kife na huɗu ba."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Tulun yana nan a zaure, duk mai wucewa ya sha.

Haka lamarin yake: gabas da yamma duk na Allah ne, kuma wanda ya yi haƙuri ya ƙi ha'inci, taimako kan zo masa daga hannun da bai zata ba.