Gola da Fenariti Biyar

"Ɗauki zobenka!"

Zoben ya daki gefen tebur, ya yi tsalle, ya gangara ƙarƙashin doguwar kujera. Injiniya ya bi shi da ido, bai sunkuya ba. Ledar lemo da ayabar da ya kawo na sannu da zuwa tana rataye a hannunsa.

"Haba Gola, ko zama ban yi ba..."

"Kada ka zauna! Kujerar gidanmu ba ta maciya amana ba ce!"

Gola dai sunan da kowa ke kiranta ke nan, har Umma da ta haife ta, tun tana 'yar mitsitsiya tana tare ƙwallon yaran unguwa a bakin ƙofa. Yanzu ita ce mai tsaron ragar babbar ƙungiyar mata, jiya-jiya jirginsu ya sauka daga gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta ƙasa da ƙasa. Shi kuwa Injiniya, gyaran firji da fanka yake yi, unguwa ce ta ba shi digirin. An sa musu ranar aure, har tela ya fara yanka.

Gasar ta fara musu da daɗi. A wasannin rukuni babu ƙwallon da ta taɓa ragar Gola. A wasan gaba ta kama fenariti biyu, masu sharhi suna cewa hannunta da danƙo. Sai wasan kusa da na ƙarshe ya haɗa su da wata ƙungiya ta ƙasar waje, wadda mai ci mata ƙwallo ba kowa ba ce illa ƙanwar Injiniya, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ake yi wa laƙabi da Lamba Tara.

Aka tashi ɗaya da ɗaya. Aka ƙara lokaci, shiru. Aka je bugun daga kai sai gola.

To a nan ne abin ya lalace.

"Bugu biyar!" Gola ta ɗaga yatsunta a gaban fuskarsa. "Biyar, Injiniya! In na faɗa dama, ƙwallo ta tafi hagu. In na faɗa hagu, ta tafi dama. Ni? Ni da ake tsoro a fenariti? Ko ɗaya ban taɓa da ɗan yatsa ba!"

"Wasa ne, rabin raina. Wata rana..."

"Kada ka ƙara ce min rabin ranka! Biyar da huɗu aka fitar da mu. Koci ya ajiye ni a benci ranar neman na uku kamar tsohuwar taya. Ga tagullar can a kan firji, in kana so ka haɗa da zoben!"

Umma ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa.

"Ke, ki sassauta murya, maƙwabta..."

"Umma, maƙwabta sun riga sun gani a talabijin! Duniya ma ta gani!"

Ta juyo kansa, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Wa ya san ina shafa cinya?"



Ku ji abin da ake magana a kai. Gola tana da wata 'yar ɗabi'a. In za a buga mata fenariti, kafin ta faɗa, takan ɗan goga tafin hannunta a cinyar ɓangaren da ta yi niyyar faɗawa. Kaɗan ne, kamar mai share gumi. Ita kanta ba ta sani ba, sai da wata rana Injiniya yana buga mata ƙwallo a tsakar gida ya yi ta cin ta yana dariya, ta matsa masa ya gaya mata. Ta sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ta yi ta ƙoƙarin dainawa, amma da zarar gajiya da fargaba sun haɗu, hannun sai ya koma aikinsa.

"Na ce wa ya sani? Koci bai sani ba. 'Yan wasanmu ba su sani ba. Kai kaɗai!"

"Ban faɗa mata ba."

"Ƙarya kake! Bayan sun ɗaga kofi ɗan jarida ya tambaye ta yadda suka yi da ni, me ta ce? Tana dariya, haƙora a waje, wai, 'Sirrin daga gida na samo shi.' Daga gida! Wa take da shi a gida in ba kai ba?"

"Wallahi ban faɗa mata ba."

"To wa ya faɗa?"

 Idonsa ya kai kan labulen ɗakin da ke kusa da falo, ya yi saurin kawar da shi.

"Ka gani? Ba ka da amsa!" Ta zaro wayarta. "Na ji. Abu ɗaya ya rage. Ga waya. Kira ta yanzu a gabana, ka ce kada ƙafarta ta taka wurin bikinmu. In ka yi, zan duba maganarka."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Ita kaɗai ta rage min, Gola. Tun da iyayenmu suka rasu, ni ne uwarta ni ne ubanta. In ba ta zo ba, wa zai tsaya a gefena?"

"To ka aure ta!"

"Subhanallahi!" in ji Umma. "Ke, bakinki!"

Labulen nan ya motsa. Kaka ta fito tana dogara sanda, gilashinta a karkace, ɗankwali ya zame gefe. Ita ta goyi Gola, ita ta raine ta lokacin da Umma ke fita aiki, kuma duk unguwar babu wanda ya kai ta son hira. In baƙo ya shigo gaishe ta da hantsi, sai an kira azahar yake samun hanyar fita.

"Wace ja'irar ce ke yi wa angona ihu? Ke, in kin gaji da shi ki bar min abina, ni dama na fi ki iya kwalliya."

"Kaka, yau ba ranar wasa ba ce."

"Me ya yi?"

"Sirrina ya sayar wa ƙanwarsa!"

"Wane sirri gare ki, ke da cikinki ba ya riƙe ko ruwa?"

"Shafa cinyar da nake yi kafin in faɗa!"

Kaka ta tsaya. Ta gyara gilashi. Sai ta saki dariya har da tari.

"Au, wannan ne sirri? Wannan da na sani tun kina yawo ba wando? In na ɗauko bulala, cinyar da kika shafa, ta nan za ki gudu, sai in tare can in cafke ki. Ai har yarinyar nan na ba wa labarin, ranar da ta zo gaishe ni kafin ku tafi. Yarinya mai hankali, ta kawo min man zafi. Na ce mata, kin ga matar yayanki, har a talabijin ina ganinta tana yi, ban taɓa kuskuren inda za ta faɗa ba. Ta yi ta dariya, ta ce Kaka ƙara faɗa min, na ƙara..."

Maganar ta maƙale. Kaka ta dubi Gola, ta dubi Umma da ta dafe kai, ta dubi Injiniya da ya sunkuyar da nasa.

"Me na yi?" ta tambaya a hankali.



"Ke ce?" in ji Gola. "Kaka... ke ce? Shekara da shekaru ina faɗuwa a ƙasa, gwiwoyina duk tabo, yatsuna biyu sun karkace... kofin yana gabana, ina ganinsa... kika bayar da shi a kan man zafi?"

"Ni hira nake yi, 'yar nan. Ina alfahari da ke ne. Ina na san ana cin mutum da wannan?"

Gola ta ɗaga murya za ta yi ihu, ta ga haɓar tsohuwar tana rawa. Ihun ya rasa inda zai sauka. Sai ya juya ya faɗa kan Injiniya.

"Kai kuma ka sani!"

"Bayan wasan na tsare ta, ta gaya min. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba."

"Shi ne ka tsaya kamar turke ina zaginka?"

"Gara ni. Ni zan iya ɗauka. In kika yi wa Kaka irin kallon da kika yi min ɗazu, ba za ta kwana lafiya ba."

"Oh, ga waliyyi! To tsallen fa?"

Ya ɗago.

"Kana zaton ban gani ba? Na kalli maimaici! Ta buga na biyar, ina kwance fuskata a ciyawa, kyamara ta hasko ka a cikin 'yan kallo, sanye da rigar ƙungiyarmu, ka yi tsalle hannu biyu a sama! Wannan ma Kaka ce ta ɗaga ka?"

"A'a. Wannan ni ne."

"Madalla!"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi tsalle. Yarinyar da na goya a bayana, wadda na ɗinke wa takalmin ƙwallo da wayar fanka... na ga ta ci, ƙafafuna suka riga hankalina. Kafin in dira ƙasa na hango ki a kwance. Kyamara ba ta jira ta ga sauran ba. Har aka share fili ina zaune a wurin, wani mai gadi ne ya tashe ni, ya ba ni hankicinsa."

"Kuka ka yi?"

"Kamar yaron da aka yaye."

"Da kyau. Allah ya ƙara!"

Amma hawayen da take ta dannewa tun a jirgi suka ɓalle. Ta goge su da bayan hannu da ƙarfi, kamar su ma sun yi mata laifi. Ta shiga ɗaki fuu, ta fito da safar hannunta da ƙwallo, ta jefa masa a ƙirji. Ledar lemo ta faɗi, lemo ya watse.

"Fito tsakar gida."

"Yanzu?"

"Na ce fito!"

Ragarsu ta dā tana nan, tsakanin tankin ruwa da sandar shanya. Umma ta yi maza ta kwashe zannuwa. Kaka ta lallaɓo ta zauna a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Gola ta ɗaure safar hannu, ta tsaya a tsakiya.

"Buga. Kuma in ka tausaya min, wallahi ka tafi ke nan."

Injiniya ya ajiye ƙwallo, ya ja baya da takalminsa na aiki mai maiƙo. Ya dube ta. Tafin hannunta ya sauka a cinyar dama, ya ɗan goga.

Ya narka ƙwallon ta ɓangaren hagunta da duk ƙarfinsa.

Can ya same ta, ashe shafar cinyar ta yaudara ce. Ta miƙe a iska, ta cafke ƙwallon da hannu biyu, ta faɗi da ita a ƙirji, ƙura ta tashi. Ta daɗe a kwance tana rungume da ita, kafaɗunta suna girgiza.

Sannan ta tashi, ta karkaɗe gwiwa, ta nufi bakin ƙofa.

"Kaka."

"Na'am, uwar ɗakina. Na rufe bakina, har in mutu ba zan ƙara..."

"Kada ki rufe. Yarinyar nan za ta zo biki. Ki zaunar da ita, ki karɓi man zafinki, ki ba ta labari. Ki ce har yau ban daina shafa cinya ba, kin yi faɗa kin gaji. Baɗi za mu sake haɗuwa."

Kaka ta yi ƙifta-ƙifta da ido. A hankali murmushi ya buɗe, ragowar haƙoranta suka bayyana.

"Wannan aikin kuwa na iya shi."

Injiniya ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Za ta zo biki, kika ce? Wato... akwai biki?"

"Ban huce ba fa, kada ka washe min baki." Ta cire safar hannun hagu da haƙori, ta miƙa masa yatsun nan da suka karkace. "Zoben yana ƙarƙashin kujera. Ka kwanta, fuskarka a ƙasa yadda tawa ta kwanta, ka ɗauko shi."

Da gudu ya shiga falo, ya taka lemo, saura kaɗan ya kife.