Motar Asibiti Tana Ja Dama

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto Evaristo Quiceno waya, yana tsaye a shagon bakin kasuwa, bai ma kai gahawarsa baki ba. Motar asibitin Alto Bonito ta faɗa rami a gangaren da ke ƙasa da makabarta, da mace mai naƙuda a ciki.

Kafin ya isa an gama abin da za a yi. Matar ta haihu a kan ciyawar bakin hanya, ɗiya mace, sai canyara kuka take. Nas Yaneth ce ta karɓi haihuwar da hannu ɗaya, don ɗayan ya karye. Motar kuwa tana jingine cikin taɓo ta gefen dama. Madubi ya tafi, ƙofa ta lotsa, ban da wannan lafiyarta lau.

Ita ke nan motar da asibitin yake da ita, ga ƙauyuka goma sha ɗaya a kan tsaunuka. Shi ya sa garin ya ɗauki zafi. Kafin rana ta take, mutane sun cika ƙofar garejin Doña Nubia Marín, wadda ta sa wa motar sababbin tayoyi huɗu ta yi mata saitin ƙafa ran Juma'a. Magajin gari har ya aiko an danna wa garejin kwaɗo.

Wanda muryarsa ta fi ta kowa shi ne Don Arbey Tabares, shugaban direbobin jif masu sauko da gahawa daga gonaki. A harabar gidansa motar asibitin take kwana, don asibitin ba shi da rumfa.

"Tun ranar da tsohon ya mutu na faɗa!" in ji shi. "Ubanta makanike ne, mun sani. To, hannu ana gadonsa ne kamar tukunya? Saura ƙiris ta kashe mana mutum uku."

"Huɗu, Don Arbey," in ji Sufeto yana ratsa mutane. "Ka manta da jaririyar. Ku watse haka nan, ba a yanke hukunci a bakin titi."

Doña Nubia tana zaune a kan tsohuwar taya, ta harɗe hannu. Mace ce 'yar shekara hamsin da wani abu, wadda baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin faratanta. In aka tabbatar aikinta ne ya jefa motar rami, garejin da ta yi shekara talatin a ciki ya tafi ke nan, ga kotu a gaba.

"Ke kika yi saitin?"

"Ni na yi, Yallaɓai. Ba ni da wani hannu sai waɗannan."

"Kin gwada ta?"

"Na kai ta filin shanya gahawa na ƙungiyar manoma, na saki sitiyari. Ta tafi ɗoɗar kamar an ja mata zare."

"Direban ya ce tana ja dama."

"To, sai me? Kowa ya ji mota tana ja sai ya ce saiti. Iska tana sa ta ja. Birkin da ya riƙe yana sa ta ja. Taya tana sa ta ja. Hanyar ma in ta karkata tana sa ta ja. Kai ka fi su sani, Don Evaristo, kafin ka sa kakin nan ai a nan kake zuwa ubana ya zage ka."

Gaskiya ta faɗa. Shekara tara ya yi yana jan babbar mota kafin ya shiga ɗan sanda, kuma tsohon ya zage shi ba sau ɗaya ba. Amma bai yi dariya ba. Rubutawa ya yi.

A asibiti ya tarar da direban, Duván Ospina, da filasta a goshi, yana kallon takalmansa.

"Yaushe ta fara ja?"

"Tun da na fito da ita daga gareji, Yallaɓai. Tun Juma'a."

"Ka faɗa wa wani?"

"Na... na yi niyya."

Labule ne kawai tsakaninsu da gadon da Nas Yaneth take kwance. Sai ga muryarta daga can.

"Duván, ka ji kunya mana! Ran Asabar ba tare muka je rigakafi ba? Da hannu ɗaya ka tuƙa mu har can, ɗayan yana riƙe da wainar masara. Har cewa ka yi motar ta zama amarya."

Sufeto ya ja kujera ya matso. "To, ango. Yaushe amaryar ta sauya hali?"

Duván ya goge gumi. Ran Litinin ne, in ji shi. Yana fitowa da ita da safe ya ji sitiyarin yana neman dama. Ya ɗauka karkatar hanya ce. Yau kuwa yana gudu, hanya ta jiƙe, Yaneth ta yi ihu cewa kan jariri ya fito, ya waiwaya sau ɗaya tak.

"Wa ya ce ka ce Juma'a?"

"Ba wanda ya ce. Don Arbey dai ya ba ni shawara, wai in ban jingina abin ga gareji ba, ni za a ɗaure."

"Ina motar ta yini ran Lahadi?"

"Inda take kwana. A harabarsa."

"Yaya kake ajiye ta?"

"Gefen dama jikin katanga, don jif ta samu hanyar wucewa."

Sufeto ya ja layi a ƙarƙashin wannan.

Da yamma tarakta ta jawo motar zuwa filin shanya gahawa, siminti shimfiɗe, ba tudu ba kwari. Sufeto ya sa an kawo Doña Nubia da akwatin kayan aikinta. Ya ce ita ba za ta taɓa komai ba sai ya ce.

Ya fara da iska. Ya bi tayoyin huɗu da geji, duk daidai. Ya shiga ya zagaya filin sau shida ba tare da ya taka birki sosai ba, ya sauko ya ɗora tafin hannu a kan kowane wili. Babu wanda ya fi wani zafi. Ke nan birki bai riƙe ba. Ya sake shiga, ya miƙe, ya saki sitiyari. Kafin ya ƙirga biyar motar ta nufi dama kamar akwai mai kiranta a can.

"Saura abu ɗaya," in ji Doña Nubia. "A juya tayoyin gaba. Ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. In ta ci gaba da ja dama, saitina ne, ka kai ni duk inda za ka kai ni. In ta juya hagu, taya ce."

"Kin san abin da kike faɗa? A gaban kofur ɗina kike magana."

"Kawo jak, Yallaɓai."

Shi da kofur suka yi aikin da hannunsu. Ya hau, ya miƙe, ya saki sitiyari. Motar ta yi ɗan jim, sannan ta lallaɓa ta nufi hagu.

Doña Nubia ta zauna a kan akwatinta kamar wadda aka sauke wa buhu daga ka.

Aka sake kwance tayar da aka ciro daga dama aka kwantar da ita, cikinta yana sama. Matar ta durƙusa, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Ta yaya kika sani? Baƙa ce kamar sauran."

"Goga yatsanka."

Ya goga. Yatsan ya fito baƙi ƙirin yana warin man takalmi. Ta nuna masa zanen tayar. Tsohuwa ce da ta suɗe, aka bi ta da ƙarfe mai zafi aka sake yanka mata zane, har zaren ciki ya leƙo a wuri biyu.

"Ka san ubana bai iya karatu ba," in ji ta. "Duk tayar da ya sa, sai ya ɗiga mata rawayan fenti ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ɗigo ɗaya hagun gaba, biyu daman gaba, uku da huɗu na baya. Ni na yi makaranta, amma ban daina ba. Leƙa sauran."

Kofur ya kwanta ya leƙa da tocila. Ɗaya. Uku. Huɗu. Mai ɗigo biyu ce babu.

Daga nan Sufeto ya wuce gidan Don Arbey. Jikin katanga, inda gefen daman motar yake tsayawa, akwai gurbin jak a ƙasa. Jif ɗin kuwa ba ta nan.

"Tana gona ana mata kwalliya," in ji Don Arbey. "Gobe ai bikin direbobi ne, ko ka manta? Harabar nan kuma kowa shiga yake. Ran Lahadi ina kallon ƙwallo da rabin garin."

"Har aka tashi?"

"Har aka tashi."

"Wa ya ci ta biyu?"

Don Arbey ya yi dariya ya ce shekaru sun fara cin ƙwaƙwalwa. Sufeto ya taya shi dariyar ya yi sallama. Wasan ɗaya da nema aka tashi. Amma mantuwa ba laifi ba ce, kuma takardar binciken gona sai ta kwana uku kafin ta fito daga birni. Bai damu ba. Ya san inda jif ɗin za ta kawo kanta.

Washegari bayan fada ya yayyafa wa motoci ruwan albarka a ƙofar coci, aka koma dandali don wasan tayar da jif. Ana lafta mata buhunan gahawa a baya har gaba ya ɗaga sama, sai direba ya riƙe ƙafar baya ɗaya da birki, ɗayar ta yi ta juya motar a wuri guda. Duk wasan a kan wannan taya ɗaya yake. In ta suɗe, sai jif ta zame ta faɗo, gari ya yi wata guda yana maka dariya. Shekara shida a jere Don Arbey yana cinye wasan.

Sufeto ya tsaya a sahun gaba, Doña Nubia a gefensa, mutane suna ta harararta.

Jif ɗin Don Arbey ta shigo da furanni da ƙyallaye. Ya ba ta wuta, gaba ya tashi, ta tsaya a kan ƙafafun baya, cikinta duk a buɗe ga jama'a. Ta fara juyawa. Ya bar ta tana juyawa da kanta, ya fito ya tsaya a kan ƙarfen gaba yana kaɗa hula, dandali ya ɗauki tafi.

A cikin tayar bayan da ke aiki, wani abu rawaya yana zagayawa, yana ɓacewa, yana dawowa.

"Ga ta can," in ji Doña Nubia a hankali. "Kalli yadda take riƙe ƙasa. Na faɗa musu tayar kirki ce."

Sufeto ya bari har aka gama, har jif ta sauko, har aka miƙa wa Don Arbey kofin azurfa. Sannan ya matsa.

"Barka, Don Arbey. Ɗan leƙa ƙarƙashin motarka ka ƙirga mini ɗigon da ke cikin tayar nan."

Mutumin ya durƙusa. Ya daɗe a ƙasa fiye da yadda ƙirga biyu yake bukata. Da ya miƙe, hular tana hannunsa.

"Aro na yi, Evaristo," in ji shi. "Tawa ta suɗe, wadda na sa a kawo daga birni ba ta iso ba. Na ce kwana huɗu ne, ran Alhamis in mayar, ba wanda zai sani. Ban taɓa tunanin za a fita da gudu ba."

"Motar asibiti ce. Da me ka ɗauka za a fita?"

"Na sani."

"Da abin ya faru fa? Ka tsaya a ƙofar matar nan kana zagin ta da ubanta."

Don Arbey ya juya wurin Doña Nubia.

"Tsohon ne ya koya mini riƙe sifana, Nubia. Na manta da ɗigonsa. Ki yafe mini."

"Ka je ka faɗa wa Yaneth, ita ce da karyayyen hannu," in ji ta. "Ni kuma ka bar ni in huce tukuna."

Ya miƙa wa kofur kofin azurfar, sannan ya miƙa hannuwansa. Sufeto ya ce ba sai an sa ankwa ba, caji ofis ɗin ga shi can tsallaken dandali. Mutane suka dare, kofur ya wuce da shi.

Sakataren magajin gari ya ratso yana laluben aljihu, ya fito da makullin gareji, yana ta bayanin da ba wanda ya tambaye shi. Doña Nubia ta karɓe ba ta ko dube shi ba, don ta riga ta sa jak a ƙarƙashin jif ɗin.

"Doña, tsaya. Tayar nan shaida ce."

"Ɗauki hotonta, Yallaɓai. Akwai mata biyu masu ciki a ƙauyen sama da watansu ya tsaya, Yaneth ta faɗa mini. Alƙali yana iya jira, su ba za su iya ba."

Sufeto ya dube ta, ya dubi tayar. Ya ciro waya ya ɗauki hoto uku, ya ce sakataren ya sa hannu a matsayin shaida.

Kafin la'asar mai ɗigo biyu ta koma daman gaba. Doña Nubia ta sake auna saitin don ta ga ko ramin ya taɓa shi, ta ɗan ƙara ɗaure wani noti, suka koma filin shanya gahawa. Duván ne a sitiyari, yana ta ba ta haƙuri tun daga gareji. Sufeto yana gefensa.

"Rufe baki ka saki sitiyarin," in ji ta daga baya.

Ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Sufeto ya fara ƙirga a zuci. Ya kai ashirin, filin ya kusa ƙarewa, motar ba ta nemi dama ba, ba ta nemi hagu ba.

"To, kama mana," in ji Doña Nubia, "kafin ka zuba mu cikin gahawar mutane."