Kuncin Kaka Attahiru

"A gidanmu ba a taɓa samun bare ba, jini ɗaya ne tun daga tushe," in ji Mushe Yusha'u (haka ake kiran malaman boko a nan), tsohon darektan lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi. Jandarma Bashiru ya saurara, ko da yake tambayarsa ita ce yaushe hoton ya ɓace.

Hoton kakan Mushe ne, Attahiru, tsaye tsakanin ƴan'uwansa biyu. Nabila, ƴar Mushe da ke binciken asalin gidansu a jami'a, ita ta tono shi, ɗan ƙarami ya koɗe. Mushe ya sa aka ƙara masa girma, ya rataye a falo. Kwana ɗaya ya yi. Ɓarawon ya zare babban da ƙaramin da ke bayansa, ya mayar da gilashin, har ya goge shi.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Bashiru. "Nabila, me kika gano a bincikenki?"

"Ciwon kai. Kowane tsoho na tambaya a ƙauyenmu Kona inda aka haifi Kaka, sai ya tuna bai yi salla ba."

Ya sallame ta. Mai neman amsa ba ya sace abin da zai ba shi ita.

Mushe ya dage Laminu mai hoto ne ɓarawon. Bashiru ya same shi a shagonsa.

"Shef, in saci abin da na wanke da hannuna? Ni mutanen gidan sun ishe ni. Jiya tsohuwarsu ta zo wai in zana wa na tsakiya zane a kunci. Na ce Mushe bai ce ba."

Bashiru ya hau babur ya nufi Kona, yana tsine wa yashi.

Ya iske Gwaggo Zara'u, ƴar Attahiru, tana ba akuyarta harawa. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, wanzami yana yi wa ɗan gida zane ranar suna. A ƙaramin hoto ba a ganin fuska. A babban, biyu suna da zane, na tsakiya ba shi da shi. Mushe ya kalli rawani, ke kika kalli kunci."

Ta ɗaga tabarma. Ga hotunan a naɗe cikin kallabi.

"Shekarar yunwa wasu makiyaya suka bar shi, yana tafiya da ƙafarsa," ta ce. "Riƙonsa aka yi. Ɗan riƙo kuwa ba ya gado, ɗana. In jikokin waɗancan biyun suka ga kuncin nan, gonar da nake ci ta tafi. Shi wancan mai surutun yana da fansho."

Bashiru ya koma ya bayyana wa uba da ƴa komai. Nabila ta ce za ta sauya batun bincikenta zuwa noman wake. Mushe ya janye ƙara, ya kuma bayyana cewa hoton Turawa dama bai iya kama zanen manyan mutane ba.

Ranar kasuwa sabon hoto ya hau bango, kunci uku duk da zane. Mushe ya tara baƙi yana nuna musu da sanda.

A Kona, turken akuyar Gwaggo Zara'u babu kowa; kuɗinta ya tafi shagon Laminu, ladan zanen. Ta tattara sauran harawar ta miƙa wa maƙwabciya.